Bangon Ayyukan Kansila

Kansila Garzali yana neman wa'adi na huɗu, sai ya kira Ɗanliti mai zane.

"Ka cika bangon kasuwa da ayyukana na shekara tara. In ka zana ƙarya, ɗauri. In ka bar gurbi, zan rufe shagonka."

Ranar buɗe bango, jama'a suka ga bene, motoci uku, gidan mai, da ƙaton tumbi.

Kansila ya daka tsawa: "Ƙarya ce! Goge!"

Ɗanliti ya rusuna. "Ranka ya daɗe, ashe benen ba naka ba ne? To mu mai da shi asibiti."

"Nawa ne mana!"

"Jama'a kun ji shaida. Tumbin ma rage shi na yi, bangon bai isa ba."