Hannun Faifai a Cikin Tulu

'Yan'uwa cikin Ubangiji, misalin da zan ba ku yau daga bakin marigayi maigidana Barnaba na ji shi. Yakan ba da shi in ya dawo daga kasuwa ransa a ɓace, har yaran gidanmu suka haddace. Ni karatuna bai yi nisa ba, yadda na ji haka zan faɗa muku.

Akwai wani mutum, manomi, wanda ya gaji sarautar kasuwa daga mahaifinsa. Ƙauyensu yana wannan gefen rafi, a ƙetare kuma akwai wani ƙauyen, kowanne da kasuwarsa. Amma ta mutumin nan ce ta fi cika.

A ƙasar akwai wata al'ada. Ranar kasuwa, sarkin kasuwa yakan zaga ya sa hannu sau ɗaya cikin ƙwaryar kowane mai sayar da hatsi, ya ɗiba, ya zuba a buhu. Da abin da aka tara ake share kasuwa, a sayi guga da igiyar rijiya, a kuma ciyar da malamin makarantar ƙauyen, gama ba shi da gona. Ba wanda ya taɓa gunaguni, don hannun tsohon sarkin kasuwa hannu ne irin na kowa.

Ana nan sai hakimi ya aiko da saƙo cewa za a fitar da hanyar mota zuwa yankin, amma kasuwa ɗaya kaɗai za ta kai wa, wato wadda wakilinsa ya tarar ta fi albarka bayan girbi. Mutumin nan kuwa yana son hanyar kamar ransa, domin kowace shekara rabin tumatirinsa a kwando yake ruɓewa kafin jaki ya kai shi bakin titi.

Ya zauna ya yi ta tunani, har ya yanke cewa abin da zai burge wakili shi ne ƙofa, babbar ƙofar siminti mai fenti irin ta birni. Sai ya buɗe tafin hannunsa ya duba. Ɗan ƙarami ne, yatsun gajeru. Ya ce a ransa, “Da wannan hannun, sai jikokina ne za su ga ƙofa.” Ya san in ya ce a riƙa ɗiba sau biyu, gari zai ɗauki surutu. Amma al'ada hannu ɗaya ta ce, ba ta faɗi hannun wa ba.

Matarsa tana da wani ƙane, ƙato, mai sanyin hali, wanda ake ce wa Faifai saboda faɗin tafinsa. In ya wanke hannu ya zauna gaban tuwo, sauran mutane sukan fara addu'a ta biyu. Shi ne mutumin nan ya naɗa mai ɗiba.

Ranar kasuwa Faifai ya fara da wata tsohuwa mai sayar da gero. Ya sa hannu sau ɗaya, sai ga gindin ƙwarya ya bayyana.

Tsohuwa ta ce, “Ɗan nan, wannan hannu ne ko kwando?”

Faifai ya ce, “Iya, hannu ɗaya ne, yadda aka saba.”

Ta ce, “To, ka bar mini ƙwaryar dai, don Allah. Ta maƙwabciyata ce.”

Buhuna suka yi ta cika, aka sayo siminti. Igiyar rijiya ta tsinke, sarkin kasuwa ya ce a ƙulla. Malamin makaranta ya zo karɓar rabonsa, aka ce ya yi haƙuri sai ƙofa ta tashi. Ya yi haƙuri har wandonsa ya fara zamewa daga ƙugunsa. Wata safiya ya ɗauki allonsa a ka, ya naɗe ƙafar wando, ya haye rafi. Yaran da iyayensu suka damu suka riƙa binsa can, sauran aka tura su kiwon awaki.

Mutanen kasuwa ba su yi faɗa ba, wurin masu ginin tukwane suka je. Da kasuwa ta zagayo, ba ƙwarya ko ɗaya a fili. Gero a tulu, dawa a tulu, wake a gora, kowane baki ƙanƙane, yatsa uku da ƙyar. Mai saye ba ya ganin abin da zai saya sai ya rufe ido ɗaya ya leƙa. In an zo awo kuwa, kafin mudu ɗaya ya cika, baƙon fasto ya gama wa'azinsa har ya yi sanarwa. Fataken da suke zuwa sayen buhu-buhu suka gaji da tsayuwa, suka fara tambayar inda rafin ya fi sauƙin hayewa.

Faifai ya tsaya gaban tulun tsohuwar nan, ya dubi tulu, ya dubi mijin yayarsa.

Sarkin kasuwa ya ce, “Me kake jira? Sa hannu!”

Faifai ya matse yatsunsa, ya murɗa, ya tura da ƙarfi, hannu ya faɗa ciki. Ya damƙi gero, ya ja, hannu ya ce ba inda za shi. Ya miƙe tsaye, tulu ya biyo shi. Aka kawo man gyaɗa, aka kawo sabulu, wata mata ma ta tsiyayo miyar kuɓewa, duk a banza.

Tsohuwa ta ce, “Saki geron mana, ɗan nan, ko Allah zai sa ya fito.”

Sarkin kasuwa ya daka tsawa ya ce, “Kada ka saki! Na hukuma ne!”

Haka Faifai ya yini yana zaga kasuwa da tulu a hannu, yana gaisawa da mutane da hagu, tsohuwa tana biye da shi tana cewa a bi mata tulu a hankali. Da yamma da ya so cin abinci, sai da aka fasa tulun da taɓarya.

Sarkin kasuwa ya husata. Ya sa aka yi shela cewa daga yau ba tulu, ba gora, duk mazubin da hannun Faifai ba zai shiga ya juya ba, ba zai shiga kasuwa ba. Jama'a kuwa suka bi doka sarai. Ba wanda ya ƙara kawo tulu, ba kuma wanda ya ƙara zuwa.

Ƙofa ta tashi daidai lokacin girbi, doguwa, kore da fari. Katanga ce dai babu, don hatsin da za a yi ta da shi ya daina shigowa. Ranar da wakilin hakimi ya iso, sarkin kasuwa ya sa babbar rigarsa ya tarye shi, ya bi da shi ta cikin ƙofar, ko da yake fili ne hagu da dama. Suka tarar da rumfuna wayam, awaki suna kwance a inuwa.

Wakili ya ce, “Ƙofa kam ta yi kyau. Ina kasuwar?”

Sarkin kasuwa ya ce, “Ranka ya daɗe, suna tafe. Mutanenmu ba su da sammako.”

Daga ƙetaren rafi kuwa ana jiyo hayaniya da ƙarar injin niƙa. Don ya kawar da zancen, sarkin kasuwa ya ce wa Faifai ya ruga gida ya ce wa uwargida ta kawo wa baƙo ƙosai mai zafi.

Faifai ya sosa ƙeya ya ce, “Ai Yaya ta haye tun da safe da kaskonta. Ta ce nan ba ciniki.”

Wakili ya naɗe ƙafar wandonsa ya nufi rafi, sarkin kasuwa ya tattare babbar riga ya bi shi, Faifai yana baya.

A can suka ga wani ɗan gwangwani rataye a jikin itace, inda kowa yake ganinsa. Shi ne ma'aunin ɗiba, na bara shi ne na bana. Kowace kaka sarkin kasuwar can yakan tsaya gaban jama'a ya faɗi inda hatsin ya tafi. An jera duwatsu a wurin da jakuna suke kafewa, rijiya tana da sabuwar igiya. Ga malamin nan a aji mai rufin kwano, wandonsa ya zauna daram, cikin masu karatu har da jikokin mutuminmu. Samarin da suka iya karatu da lissafi su ne suke raka kayan ƙauyen zuwa birni su sayar da daraja. Saboda jama'a ta taru, tela ya zo, mai gyaran keke ya zo, mai shayi ya kafa tebur.

Tsohuwar nan tana zaune da geronta a buɗaɗɗiyar ƙwarya. Ta ɗaga kai ta ce, “A'a, sannu da zuwa, Sarki! Kai kaɗai ne, ko ka taho da ƙofar?”

Hanya ta tafi ƙauyen ƙetare. Faifai ya samu aikin dako a can, yana ɗaga buhu kamar matashin kai, waɗanda suka zagi hannunsa dā suka koma sa masa albarka. Mutumin kuwa har yau da jaki yake hayar da tumatirinsa zuwa kasuwar da ba tasa ba. Ƙofarsa tana nan tsaye a tsakiyar fili, awaki suna jin daɗinta ƙwarai.

To, ga ma'anar wannan misali. Ɗiban hannu shi ne haraji. Maganar Allah ba ta hana shi ba, gari kuma ba ya tsayuwa sai da shi, gama rijiya ba ta saya wa kanta igiya. Hannun Faifai shi ne harajin da ya wuce ƙarfin talaka, wanda ake ƙara shi ta bayan gida ana cewa ba a canja kome ba. Ƙofar nan ita ce aikin da shugaba yake yi don idon baƙo. Malamin da ya haye rafi shi ne ilimin 'ya'yanmu, kun kuwa ga duk inda ya sauka, can arziki ya bi shi. Gwangwanin da yake rataye a fili shi ne doka mai tsayawa wuri ɗaya, wadda mai sana'a zai kwana ya tashi ya same ta yadda ya bar ta.

Wanda Allah ya ba riƙon jama'a a cikinmu, kansila ne, mai unguwa ne, ko dattijon da yake riƙe da baikon ikilisiya, ya tuna Ubangiji yana ganin girman hannun da ya aika, zai kuma tambaye shi inda buhun ya tafi. Kada ku yi ta waiwayen dattawa kuna murmushi, mu ma muna ciki. Da yawanmu ko an kawo gwangwanin gaskiya, a tulu muke zuba geronmu, sa'an nan mu zauna muna zagin rashin hanya.

Barnaba bai taɓa shiga tulu ba. Yakan biya harajinsa na kasuwa, sa'an nan ya bi mai karɓa a baya yana cewa, “To, na biya. Ina kwalbatin rafinmu?” Ya yi ta tambaya har aka sa masa suna Ina Kwalbati, in ya shigo kasuwa masu karɓa su ɓuya bayan buhuna. Kun san kuma yadda ya tafi daminar bara. Ciwo ya tasar masa, muka ɗora shi a amalanke za mu asibiti, muka tarar rafi ya cika. A bakin ruwan nan Ubangiji ya karɓe shi, muna jiran ruwan ya janye.

Yanzu ni nake zama a rumfarsa. Ranar kasuwa nakan biya nawa cif, in gyara ɗaurin zanena, in bi mai karɓa da tambayar nan. Na lura sun fara ɓuya mini ni ma. Amma murya ɗaya ba ta da wuyar ɓuya wa, kuma buhunan kasuwar nan ba su isa su ɓoye mutum daga ikilisiya guda ba. Ranar Alhamis ne kasuwa. Kowa ya zo da ƙwaryarsa a buɗe, da bakinsa kuma. Bari mu yi addu'a.