Takarda Ɗaya a Akwatin Addu'a

An yi wani mutum a wannan ikkilisiya tamu ta bakin teku, tun ana shiga jirgin fito kafin a je gari. Ba zan faɗi sunansa ba, ko da yake shi bai taɓa rufa wa kowa asiri haka ba.

Shi ke riƙe da mabuɗin akwatin addu'a. Mai damuwa ya rubuta a takarda ya jefa, ran Laraba a buɗe a yi roƙo. Kun kuma san addu'armu ba ta tsayawa a baki. Wanda aka yi roƙo dominsa, ko bai sa suna ba, dattawa za su lallaɓa su gano shi. Washegari sai ya ga tukunyar miyar kifi a ƙofa, ko mai kwashe masa dusar ƙanƙarar da ta taru a ƙofar gida, ko mai zama da majinyacinsa.

Mutumin nan ya san rubutun kowa, kuma bakinsa ba ya riƙe magana. Sai ya rufe ido ya ɗaga murya: "Ya Ubangiji, ka dubi 'yar'uwarmu ta jan gidan nan kusa da mashigin jirgi, wadda mijinta ya koma wa kwalba." Wa bai gane da Torunn yake ba? Tana layi na biyu, kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Wajen shan kofi, tsoho Oddvar ya tare shi. "Kai, da Allah kake magana ko da mu? Ai ya san gidan, ba sai ka yi masa kwatance ba."

Ya ce, "Oddvar, sha kofinka kafin ya huce."

Takardu suka yi ta raguwa, har suka ƙare. Kowa ya koma gida da nauyinsa.

Sai matarsa Aslaug ta soma mantuwa. Yau ta bar wuta a kunne, gobe ta tambaye shi ko shi wane ne. Ya ɓoye wa kowa zancen. In an tambaya ya ce mura ce. Ya sa wa ƙofa sakata ta sama don kada ta fita, ya daina fita kamun kifi, ya daina barcin kirki. Gidan da ya gina da hannunsa ya zame masa kurkuku.

Wata Lahadi ya rubuta takarda ya jefa ba wanda ya gani. Ran Laraba ya buɗe akwati, ga ta ita kaɗai. Mutum shida na kallonsa. Ya dubi Torunn, ya tuna abin da ya yi mata, ya tabbata haka za a yi masa. Ya mayar da takardar ya ce, "Yau ma babu roƙo." Haka ya yi har Laraba goma sha ɗaya.

Wata rana da tsakar rana, gajiya ta kayar da shi a kujera, bai sa sakata ba. Aslaug ta fita da silifa cikin dusar ƙanƙara. A bakin ruwa aka same ta, sanyi ya riga ya gama da ita.

A makabarta Torunn ta kama hannunsa tana kuka. "Haba ɗan'uwa! Talata da Alhamis ba na aiki. Da ka faɗa, ai da na zo."

Ya ajiye mabuɗin a kan benci, bai sake tako majami'a ba. Da Oddvar ya buɗe akwatin, ya ga takardar duk ta yamutse. Abin da ke ciki ke nan: "Na gaji. Don Allah wani ya zo."

Ya 'yan'uwa, wa ya kulle mutumin nan? Ba Torunn ba ce, ba Allah ba ne. Ya mai da addu'a gulma, ya auna zuciyar kowa da tasa, ranar da ya bukaci jama'a sai ya kasa yarda da su. In ɗan'uwanka ya ba ka damuwarsa, wurin Allah ya aike ka da ita. Kada ka ratse da ita hanya.

Allah ya kiyaye mu da harshen da zai rufe mana ƙofa, ya ba mu tawali'un cewa "ku zo" tun da sauran lokaci. Amin.