Dalilin da Ya Sa Ba a Kankare Gindin Randar Burukutu

Dalilin da ya sa ba a kankare gindin randar burukutu, kuma ba a juye mata ruwan tsiro da zafinsa, shi zan gaya muku. Ku zauna. Ke Talatu, daina toshe hanci, ba ƙazanta ba ce. Sau ɗaya zan faɗa, ba na maimaitawa.

A da can, mata kan goge randa da toka har ta yi fes kafin su zuba ruwan tsiron dawa. Giya kuwa sai ta ga dama. Wani lokaci ta tashi bayan kwana biyar, wani lokaci ta lalace a zubar. Mace ɗaya ce tata ba ta taɓa ƙi ba, wata tsohuwa mai suna Gwamma. Hannunta na dama ya shanye tun tana budurwa, amma kwana ɗaya randarta ke yi ta fara kumfa. Mutane na cewa asiri gare ta.

Sai Gwamma ta rasu. A garin kuwa, ba a tashi daga makoki sai 'yar mamaciya ta dafa giya an zuba a kan kabari ranar kwana bakwai. In giyar ba ta tashi ba, sai a ce uwar ta tafi tana fushi da 'yarta.

'Yar Gwamma, Barmani, mai gaggawa ce irina. Uwar ta bar tsiro ƙwarya biyu. Barmani ta leƙa randar, ta ga guntun tsohuwar giya ya daskare a gindi. Ta ce, "Wayyo Inna, da hannu ɗaya ina za ki iya wanke wannan?" Ta kankare tas, ta ɗauraye da tafasasshen ruwa. Ta dafa ƙwarya ɗaya, ta juye yana tururi.

Kwana biyu, shiru. Ta ce bai dahu ba ne. Ta mayar kan murhu, ta yi ta cusa itace har ya kama, gida ya ɗauki ƙauri.

Gwaggo Kumatu, ƙanwar ubanta, ta tsaya a bakin madafa. "Barmani, me kika yi wa uwarki?"

"Ban yi mata komai ba, Gwaggo."

"To randa ba haka ta ce ba. Saura kwana uku."

Barmani ta ɗora ƙwarya ta ƙarshe. Wannan karon ta rage wuta, tana kwashe kumfar sama har ya dahu. Ta tace, ta juya neman abin motsawa, sai ta hangi muciyar uwarta a jingine, da guntun tsohuwar giya a jikinta, ba a wanke ba tun ranar da uwar ta kwanta ciwo. Ta ɗauka za ta wanke, sai hannunta ya faɗa daidai inda hannun hagun Gwamma ya cinye icen. Nan ta zauna ta yi ta kuka, tun hantsi har rana ta karkata. Da ta tashi, ruwan ya huce. Ta juye a randa. Muciyar kuwa ta kasa wanke ta. Ta motsa da ita haka nan, ta bar ta a ciki.

Kashegari da rana tsaka, Gwaggo ta ji wata 'yar ƙara kamar yayyafi a kan ganye. Ta buɗe randa, ga kumfa har wuya.

Ta ce, "Ta yafe miki."

Barmani ta zaro muciyar, ta daɗe tana kallo. "Ba ta yi fushi ba, Gwaggo. Ni ce na wanke ta daga randar."

Shi ya sa har yau ake barin ruwan tsiro ya huce, kuma ake barin ɗan guntu a gindin randa, sabuwa ta tashi daga tsohuwa. Wannan randar da ke gabanki, Talatu, ta Kaka ce. Tun da aka binne Kaka ba wanda ya sa wa randar toka.