Tasalla da Buzuzun Kurmin Aljanu

A zamanin Sarki Jatau na Birnin Tsauni an yi wani masassaƙi, Barmo ɗan Gagarau, jikan masu gizago, bahago, gwanin gwanaye, wanda duk akushin da ya fito daga hannunsa sai ka ga zanen tufkar igiya ya kewaye bakinsa ta hagu. Rannan ya shiga kurmi neman icen turmi, don gaggawa ya dira wa wani maɗaci gatari ba sallama. Ashe fadar Zurƙaifu ce, Sarkin Aljanun Kurmi! Nan take aka mai da shi buzuzu.

'Yarsa Tasalla, jaruma mai zafin nama, ba ta tsaya koke-koke ba. Ta ci ɗamara, ta ƙetare kogin da ke gudu da baya, ta ratsa birnin da ganuwarsa ke numfashi, har ta faɗi gaban Zurƙaifu ta yi gaisuwa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, mai kurmi da abin da ke ciki, ubana na zo biɗa."

Zurƙaifu ya ce, "'Yar Adam, yana cikin waɗancan. Nuni ɗaya gare ki. In kin dace, ku tafi. In kin kuskure, ke ma ki yi fiffike."

Ta waiwaya, wayyo Allah! Ga wani gungume ya yi maƙil da buzuzu: koraye shar, jajaye wur, baƙaƙe wuluk, masu ƙaho, masu gashin baki zaƙo-zaƙo, masu ɗigon zinariya waɗanda ɗan Adam bai taɓa gani ba. Ta ce, "Baba!" Duk suka juyo, ja'irai. Wani ƙato mai ƙyalli ya matso yana rausaya, har ta ɗaga yatsa, sai ta dakata. Yaushe Barmo ya taɓa zama a yi ta kallonsa alhali ga itace a kusa?

Ta nemi izini, ta ɓamɓare ɓawon gungumen. Ga hanyoyin da ƙwarin suka rarake, birkice-birkice kamar tonon kaji. Can gefe kuwa sai ga tufkar igiya, tsaf-tsaf, ta nufi hagu! Ta bi ta da yatsa, ta tarar da wani ɗan mitsitsi, toka-toka, ya duƙufa yana ta aiki.

Ta ƙwala ihu, "Ga shi nan! Wallahi shi ne!"

Kurmi ya girgiza, sai ga Barmo tsaye, gemu duk garin itace. Ya ce, "Haba Tasalla, saura ƙiris in haɗe bakin zanen!"

Ta rungume shi, tana kuka tana dariya. Zurƙaifu ya yi ta ƙyaƙyatawa har rawaninsa ya warware, ya ba su gungumen kyauta. Suka shiga Birnin Tsauni ana guɗa, Sarki Jatau ya naɗa ta Magajiyar Kurmi.

Barmo ya haɗe zanensa a gida. Daga ranar, ko tsinken sakace zai karya sai ya yi sallama. Allah ya raba mu da gaggawa, amin.