Indararon Bayan Ɗaki

Kai Kefas, rufe mini baki. Ka cika cikinka da tuwon da ubanka ya nemo, sannan ka zo kana tambayata wai don me za a hana Baba zuwa gida saboda ɗan bututu. Da wane bakin ka ce ɗan? Kai da ba ka taɓa kai tulu bakin randa ba sai ka zubar da rabi a hanya, kai ne za ka raina aikin manya. Ke Afiniki, bar dariya, zan zo kanki. Damaris, dawo nan gabana, ba a zama a bayana in ina magana.

Ni ban yi boko ba, ban taɓa shiga jirgin sama ba, ba ni kuma da niyya. Amma da ubanku Habila ya zauna yana yi mini bayanin aikin da zai tsare shi a filin jirgi, kafin ya kai ƙarshe na gane. Ya ce in jirgi ya hau can inda sanyi yake, numfashin mutanen da ke ciki yakan zama raɓa, raɓar ta gangara ta taru a ƙasan cikinsa, inda ido ba ya kaiwa. Saboda haka waɗanda suka ƙera shi suka bar mata hanya, wasu siraran bututu da za ta bi ta fita. In bututun ya toshe, ruwan ya kwanta, ya ci ƙarfe da tsatsa, ko ya daskare ya riƙe abin da ya kamata ya motsa. To yanzu manyansu sun kafa doka cewa dole a duba bututun kowane jirgi irin wannan, ko da lafiyarsa lau, kafin ya sake ɗaukar 'ya'yan mutane. Na ce masa, Habila, ai indararo ne. Tun ba a haifi kakan wanda ya ƙera jirgin ba muke da shi a kan soro.

Ku gyara zama ku ji misali. Wanda ya yi gyangyaɗi shi zai maimaita shi a gaban 'yan makarantar Lahadi.

A wani gari an yi wani mai gida, shi ne ɗan fari a wurin uwarsa. Yana da ƙane guda, shi ne auta. Gidajensu a manne suke, katanga ɗaya ta raba su, a jikin katangar kuma akwai 'yar ƙofa da matansu suke bi su ari wuta da gishiri.

Da ubansu ya mutu, sai gardama ta tashi a kan wanda zai riƙe tsohuwar. Babban ya ce hakkinsa ne. Autan ya ce shi ya saba da hidimarta, shi ya san irin kunun da take sha. Magana ta yi zafi, kowa ya faɗi abin da bai kamata ɗan'uwa ya ji daga bakin ɗan'uwansa ba. Dattawa suka zauna suka ba babban. Tun daga ranar suka daina gaisawa, aka kwaɓa ƙasa aka toshe 'yar ƙofar.

Babban kuwa ya so duniya ta ga bai karɓi uwarsa don wasa ba. Ya gina mata soro a can ƙarshen gida, ya zaɓo azara mafi ƙwari, ya sa aka yi yaɓe mai kyau. Ɗaki ne wanda ko shi kansa ba ya kwana a irinsa. Sai dai bangon bayan ɗakin shi ne iyaka da gidan ƙanensa, gangaren ƙasar kuma can ya nufa. Don haka indararon ɗakin, wanda aka yi da yumɓu, a tsakar gidan autan yake zuba.

Mutanen garin suna da doka tun ta kakanni. Kowace bazara, da hadari ya fara haɗuwa a gabas, mai unguwa yakan sa a yi shela cewa duk mai soro ya yi gwajin tulu. Ga yadda ake yi: mai gida ya hau tsani da tulu cike da ruwa, ya juye a kan rufin, wani kuma ya tsaya a ƙasa, a daidai inda indararon yake zuba. In ruwan ya fito da ƙarfinsa, na ƙasa ya ce, "Ya sauka." Sai da mutum biyu ake yi, gama wanda yake kan rufi ba ya ganin bakin indararonsa, bangon da ya kewaye rufin yana tare masa.

A shekarar farko mutumin nan ya gwada na zaure, ya gwada na ɗakin matarsa, ya tsallake na tsohuwar. Ya ce ai sabo ne. Damina ta zo ta wuce, ba abin da ya faru. Wannan lafiyar da ya samu ita ta cuce shi.

Da rani ya yi, zanzaro ya zo ya leƙa cikin indararon, ya ga wuri ne mai inuwa, ba mai damunsa. Ya yi ta jigilar laka yana gininsa a ciki har ya cika hanyar.

Bazara ta sake zagayowa, aka yi shela. Mai gidan ya kira wani maƙwabcinsa na tsallaken hanya ya tsaya masa. Na zaure ya sauka. Na ɗakin matarsa ya sauka. Da suka zo kan na tsohuwar, maƙwabcin ya ce wannan kam sai an yi sallama an shiga gidan auta. Mutumin ya tsaya a kan tsani ya yi tunani. Ko da aike ne, ai roƙo ne, kuma za a ce shi ya fara. Sai ya sallami maƙwabcin, ya ce masa ya je abinsa, zai ji saukar ruwan da kunnensa.

Ya hau, ya juye tulun, ya kasa kunne. Bai ji komai ba. Ya ƙara jira, shiru. Sai ya ce wa ransa rufin ne ya bushe ya shanye, ko kuwa yashin ƙasa ne ya haɗiye ƙarar. Ya sauko. Da mai unguwa ya biyo da yamma yana tambaya gida gida, ya ce masa an gwada duka.

Ashe a lokacin autan yana zaune a tsakar gidansa yana gyaran ƙotar fartanya. Ya ji takun wansa a kan rufi, ya ji an juye ruwa, ya ɗaga kai ya zuba wa indararon ido. Ko ɗigo bai fito ba. Matarsa ma ta gani, ta ce masa ya tashi ya je ya faɗa. Ya ce, "Wanda ya ce ya fi ni iya riƙon Inna, ai ya san indararonsa. In ya tambaye ni zan faɗa masa." A cikin ransa ya yi niyyar faɗa gobe. Gobe ta zo, shuka ta ɗauke masa hankali.

Ruwa ya sauka. Tsohuwar ce ta fara ganewa, gama ita ke kwana a ciki. Ta ji warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta ga wani baƙin tabo yana yaɗuwa a tsakanin azara, da safe kuma takan share ɓurɓushin ƙasa a kan tabarmarta. Amma mai gidan ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta doguwar magana da shi, balle ta dube shi ta ce aikinsa bai yi ba. Sai ta ce wa surukarta ta gaya wa mai gidan nan ɗakin yana gumi. Saƙo ya dawo cewa an gwada, in an sami sarari zai duba.

Kowace safiya autan yakan tsaya a gindin 'yar tagar bayan ɗakin ya gaishe ta, indararon yana bisa kansa a bushe, alhali kowane indararo a garin yana zuba. Yakan tambaye ta ko ta tashi lafiya, ta ce lafiya lau. Ba ta so ta ba shi abin da zai goranta wa wansa. Shi ya gani ya yi shiru, ita ta ji a jikinta ta yi shiru, mai gidan ya yi zato ya yi shiru.

Sai marka ta kama. Ruwa siriri, ba tsawa, ba iska, kwana da kwanaki ba a ga rana ba. Ruwan ya kwanta a kan rufin kamar a cikin kasko, ya ratsa yaɓen, ya jiƙa ƙasar, ƙasar ta yi nauyi, azara ta fara ruɓewa daga inda ta shiga bango.

Ranar da gari ya waye da rana, kowa ya yi murna. Ciyawa ta ci gonaki, maza da mata suka fita noma. Tsohuwar ta zauna a ɗakinta tana kaɗin auduga. Da rana ta take tsaka, sama fes ba ko gajimare, rufin ya sauko.

Aka ruga gona aka kira su. Bangon bayan ɗakin ya faɗa cikin gidan autan, ba sauran iyaka. Babban yana tono da hannu daga wannan gefe, autan yana tono daga wancan, har hannuwansu suka haɗu a kan zanenta. Suka fito da ita da mazarinta a hannu. Ta riga ta tafi.

Bayan an binne ta, mai gidan ya dawo ya tsaya a kan kufan ɗakin. Ya ga indararon a cikin tarkace, ko tsagewa bai yi ba. Ya ɗauka, ya zura karan dawa a ciki ya tura. Gidan zanzaro ya faɗo, busasshiyar lakar da ba za ta cika tafin hannun yaro ba.

Autan yana tsaye a bayansa. Ya ce, "Yaya, ranar da ka juye tulun ina zaune a nan. Na ga bai fito ba."

Babban bai juyo ba. Ya ce, "Ni ma ban ji saukarsa ba."

Maganar farko ke nan da ta shiga tsakaninsu tun ranar da aka toshe 'yar ƙofar. Suka zauna a ƙasa suka yi kuka tare, amma wadda suka yi faɗa a kanta ba ta ji ba.

To, ku buɗe kunne ku ji abin da misalin nan yake nufi. Soron nan zuciyar mutum ce, gida ne kuma, ikilisiya ce ma. Ruwan da ke sauka a kai shi ne ɓacin ran da ba wanda yake tsere masa: an faɗa maka magana, an yi maka rashin gaskiya, kai ma ka yi wa wani. Ubangiji bai ce ruwa ba zai sauka a kanmu ba. Hanyar fita ya yi mana, wato bakin da zai ce na yi laifi, da bakin da zai ce na yafe. Indararon ke nan. Zanzaro kuwa girman kai ne. Ba ya zuwa da hayaniya, kaɗan kaɗan yake kawo lakarsa, a lokacin da kake ganin komai lafiya. Kuma ku lura, ba na zaure ya toshe ba, wanda mutane suke gani. Na baya ya toshe.

Dokar gwajin ma ba don mai unguwa yana ƙin mutanensa aka kafa ta ba. An sa ta dole ne domin in an bar wa mutum zaɓi, wurin da ya fi bukatar dubawa shi zai tsallake. Akwai abin da ke jikinka wanda ba za ka taɓa gani ba sai ɗan'uwanka ya tsaya a ƙasa ya gaya maka, wani lokaci kuma ɗan'uwan da za ka tambaya shi ne wanda ba ka son shiga gidansa. In kai ne a ƙasa kuwa, ka ga ruwa bai fito ba, kada ka jira tambaya. Allah zai tambayi mai tulu, zai kuma tambayi mai fartanya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, rufin bai faɗo a kan masu gabar ba. A kan wadda suke ƙauna ya faɗo.

Shi ya sa ubanku bai dawo ba, Kefas. Yana kwance a ƙarƙashin cikin jirgi da tocila yana leƙa bututu, wani kuma zai biyo bayansa ya sake dubawa, bai kuma ɗauka raini ne ba. A cikin jirgin nan uwar wani za ta zauna.

Ke Afiniki, na ce zan zo kanki. Tun ranar da ɗankwalinki ya ɓace ba ki yi wa Damaris magana ba, wai ita ta sace, kin ɗauka ban gani ba. Kuna cin tuwo a kwano ɗaya kowa ta juya kai. Ke Damaris, kin kira ta da sunan da ni ba zan maimaita ba. Kai kuma maigidan, Kefas, ka ga lokacin da ɗankwalin ya faɗa bayan akwati, ka yi gum, wai ba a tambaye ka ba. Ni ba irin tsohuwar misalin nan ba ce da za ta zauna ɗaki yana gumi ta ce lafiya lau. Ubanku ɗan farina ne, amma sunansa nake kira, in ya yi ba daidai ba kuma a gabansa nake faɗa.

Kefas, je ka ciro ɗankwalin nan ka ba mai shi. Ku biyun, ku dubi juna ku faɗi abin da ya kamata, ina so in ji saukarsa da kunnena. Ƙara murya, Damaris, ban ji ba. Yawwa. Ku yi wa ubanku addu'a Allah ya ba shi ido, ku kwashe kwanukan nan, ku wuce ku kwanta.