Nomau Mai Gishiri da Kuɗin Azara

Wannan labari na tsince shi a wani tsohon kundi da gara ta ci gefensa, ga kuma abin da ta rage mana. An ruwaito cewa a zamanin da, a Birnin Gaude, an yi wani attajiri mai fataucin gishiri, sunansa Nomau. Mutum ne da ba ya cin haƙƙin kowa, amma Allah ya jarrabe shi da zargi. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya shafa aljihu ya ji ko komai na nan. In ka gaishe shi a murtuke, ya ce lalle akwai abin da ka ƙulla masa.

A shekarar da ake magana, duk abin da ya mallaka ya zuba shi a gishiri. Kantu-kantu ne jibge a wani soro a bayan gidansa, yana jiran damina ta yi nisa, ayari ya daina zuwa, gishiri ya yi tsada. Ana saura kamar wata guda ruwan farko ya sauka, ya shiga soron wata safiya, sai ya ga hasken rana ya ratso ta rufi ya sauka a kan gishirin. Ya kuwa san inda rana ta bi, nan ruwa zai bi. Kai kayan ajiya gidan wani kuwa ko a mafarki bai kawo shi ba, don bai ga mutumin da zai bar wa ko kantu ɗaya ya kwana a hannunsa ba.

Aka kira masa Mantau, wani dattijon magini mai ƙarancin magana. Mantau ya hau rufin ya tattaka, ya sauko ya karkaɗe hannu.

"Maigida, azarar nan ta gama aikinta," in ji shi. "Sai an yaye rufin an shimfiɗa sabuwa. A ba ni kuɗin azara in tafi fadama wajen masu giginya in zaɓo, kwana goma sha biyu in dawo. Ladan aikina kuwa sai na gama."

Nomau ya dube shi tun daga hula har ƙafa. "Wato in ba ka kuɗina ka tafi da su inda idona ba ya kaiwa."

"Masu giginya ba su san ka ba, maigida. Ni da suka sani ma ba su ba ni bashi."

Sai da Nomau ya tambayi sunan uban Mantau, da unguwarsu, da yawan 'ya'yansa, sannan ya fito da keso biyu na wuri, wato wuri dubu arba'in, ya miƙa kamar ana cire masa haƙori. Kafin Mantau ya tafi, ya yi kwana uku yana haƙo jar ƙasa, ya kwaɓa ta da ciyawa da kashin doki, ya tattake ta da ƙafa har ya tara tuli guda a tsakar gida. Ya ce a riƙa zuba mata ruwa kowace safiya don ta tsimu. Ya ɗauki sandarsa ya kama hanya.

Kwana goma sha biyu suka cika, babu Mantau. Sha uku, sha biyar, shiru. Nomau ya daina jin daɗin tuwo, kullum idonsa na gabas yana duban gajimare. Ya taka har gidan maginin, matarsa ta ce daga bayan zana ita ma ba ta ji ɗuriyarsa ba. Yana juyawa ya hangi wani sabon zane a kan igiya, ya ce a ransa, ga azarata can an wanke an shanya.

An ce a rana ta goma sha bakwai wani magini mai suna Cindo ya yi sallama a ƙofar gidan, mutum mai fara'a da zaƙin baki.

"Na ji abin da ya same ka, maigida, na kuma ji takaici. Ni ba na taɓa ko wuri ɗaya na mutum sai na gama masa aiki. Azara tawa, ƙarfi nawa. In ka ga rufi ya yi maka, ka biya."

Nomau bai taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Mutumin da ke tuhumar mai sayar masa da goro, ran nan bai yi tambaya ko guda ba. Cindo ya kawo azara a kan jakuna, kowace an shafe ta da jar ƙasa tas. Ya yaye tsohon rufi, ya shimfiɗa, ya kwashe tulin ƙasar da Mantau ya bari ya ɗora, cikin kwana huɗu ya gama. Nomau ya biya shi cif, har da tukuicin goro. Kashegari ya sa babbar riga ya nufi fada don ya kai ƙarar Mantau.

Ya faɗi gaban Sarki ya yi gaisuwa, ya zayyana abin da ya faru tun daga farko.

Sarki ya ce, "Kwana tara kawai ya ƙara a kan alkawari. Me ya sa ka tabbata ya gudu?"

"Allah ya ba ka nasara, an taɓa yi mini. Shekara bakwai ke nan wani masassaƙi ya zo zai yi mini ƙyauren zaure. Ya auna ƙofar da igiya har sau uku, ya ce itacen maɗaci zai sa, wanda jikokina za su gada. Na ba shi kuɗin itace. Ban sake ganinsa ba sai bayan shekara uku, a wata kasuwa mai nisa, yana auna ƙofar wani bawan Allah da wannan igiyar dai. Har yau asabari ne rataye a zaurena."

Fadawa suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Sarki ya ɗaga hannu aka yi tsit, ya ce, "To, ga tambaya gare ku. Tsakanin mai sana'ar da ya nemi kuɗin kaya tun bai fara aiki ba, da wanda bai nemi komai ba, wanne ya fi cancanta a ji tsoronsa?"

Kowa ya ce na farko, ai abin a fili yake. Waziri kaɗai bai bi sahunsu ba. Tsoho ne da ya ga sarakuna uku, kuma ba ya gaggawar magana. Ya nemi izini ya juya wajen Nomau.

"Attajiri, wa ya tattake ƙasar da aka yi rufin da ita?"

"Mantau ne, ranka ya daɗe, kwana uku yana yi."

"Bayan ya karɓi kuɗin, ko kafin?"

Nomau ya ce, "Bayan ya karɓa."

"Shi kuma Cindo, a ina ya samo azara?"

"Ban tambaye shi ba."

Waziri ya gyara zama ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, na ji daga magabata cewa an yi wani maɗinki a wani gari wanda ba ya karɓar kuɗin shafi. Sauran maɗinka, in ka kai musu ƙyallen riga, sai su ce kawo kuɗin yadin da za a yi mata shafi da shi daga ciki. Shi kuwa cewa yake yi, bar shi kawai, wannan nawa ne. Gari ya ɗauka da yabonsa, aiki ya yi masa yawa. Rannan alƙalin garin ya kai masa saƙi mai tsada, aka ɗinka masa riga, ya sa ya ji ta ɗan matse shi, ya ɗauka ƙiba ya yi. Bayan mako guda mai unguwa ya zo gaishe shi, iska ta ɗaga gefen rigarsa, alƙali ya ga saƙinsa a ciki. Da aka bincika, ashe kowane mutum a garin yana yawo da guntun rigar wanda ya riga shi kai ɗinki. Kaya ba su faɗowa daga sama, ranka ya daɗe. In mai aiki bai karɓi kuɗinsu a hannunka ba, sai ka tambayi wanda ya biya. Mai niyyar gudu kuwa, ban taɓa jin ya tsaya ya yi kwana uku yana taka laka ba."

Nomau ya gane inda maganar ta dosa. Sai dai ko a nan zargin bai sake shi ba, har ya fara tunanin ko Waziri da Mantau suna da dangantaka ta wajen uwa. Sarki ya ɗage shari'a zuwa gobe, ya tura dogarai hanyar fadama su nemo maginin.

Ba su yi nisa ba suka gamu da shi, yana koro jakuna ɗauke da azara, ƙafafunsa duk faso. Kashegari da hantsi aka gurfanar da shi.

"Allah ya ba ka nasara," in ji Mantau, "na isa fadama na tarar azarar da ke ƙasa ta macen giginya ce, fara, mai taushi, irin wadda gara ke so. Ta namiji, baƙa mai tauri, ba ta bushe ba. Sai na wuce gaba kwana huɗu inda na san akwai busasshiya."

"Ka aiko wa mai kuɗi da labari?"

Mantau ya sunkuyar da kai. "Ban aika ba. Na ɗauka aikin zai yi magana da kansa."

"Wannan laifinka ne," in ji Sarki. "Wanda ya ba ka kuɗinsa ya ba ka barcinsa ne, bai kamata ka bar shi cikin duhu ba. Waziri, tafi da su ka dubo mini rufin nan."

Suka isa gidan Nomau bayan azahar, iska ta tsaya cak, gabas ta fara haɗa baƙi. Soron daga waje gwanin kyau. Mantau ya shiga ya ɗaga kai, ya roƙi a ba shi basilla. Ya hau kan turmi ya kankare jar ƙasar da ke jikin wata azara, ya soka. Basillar ta shige har gindi kamar an soka ta a tuwo, gari ya zubo masa a fuska. Ya gwada ta biyu da ta uku, duk haka.

"Daga kangaye aka tono su," in ji shi. "Gara ta gama da cikinsu tun tuni. Yanzu ƙasar rufin a bushe take, shi ya sa suka ɗauka. In ta sha ruwa ta yi nauyi, ba za su kai ko'ina ba."

Aka aika neman Cindo, aka tarar ya bar gari tun shekaranjiya. Nomau ya jingina da bango. Tsoro ya kama shi, kunya kuma ta fi tsoron.

"Malam Mantau," ya ce da wata murya da shi kansa bai san yana da ita ba, "akwai abin yi?"

Nan take Mantau ya kama aiki. Ya sa aka sauke azararsa, ya shiga kafa su tsaye a cikin soron yana tokare rufin, ya faro daga yamma inda gishirin ya fi yawa. Waziri ya sa aka kira maƙwabta, waɗannan da Nomau bai taɓa yarda su leƙa soron ba, suka yi ta kwasar kantu suna kaiwa zaurukansu. Nomau yana kallon dukiyarsa tana shiga gidajen mutane.

Sun tokare rabi ke nan, da la'asar sakaliya, ruwa ya kece. Mantau ya kori kowa waje. Aka yi kamar sa'a guda ana tafkawa, sai suka ji wata ƙara, ɓangaren gabas ya rufta a kan abin da ba a kai ga kwashewa ba. Ɓangaren da Mantau ya tokare ko gezau bai yi ba. Nomau yana tsaye cikin ruwa yana kallon sulusin dukiyarsa yana fita ta rariya, fari-fari, yana bin lungu.

Da labari ya kai fada, Sarki ya yi wa Waziri kyautar alkyabba, ya danƙa wa Mantau gyaran sorayen fada. Ya kuma sa aka yi shela cewa daga ranar, duk mai ba da kuɗin kaya ya bayar a gaban shaidu, mai karɓa ya faɗi inda zai sayo da ranar dawowa, in ya makara ya aiko. Mai kundin ya rubuta a gefe cewa zargi ba ya tsare dukiya in mai shi bai san inda zai ajiye shi ba, don Nomau ya ƙare nasa kaf a kan mai gaskiya, da maƙaryaci ya zo bai rage ko kaɗan ba.

An ce da gari ya waye maƙwabta suka dawo masa da gishirinsa, ya duba bai ga ko ɓalli ya ɓace ba. Mantau ya zo ya zagaya soron, ya ce za a buƙaci makuba ta shafen rufi, kuma masu ita ba su ba da bashi. Bai rufe baki ba Nomau ya sa hannu a aljihu.

"A ina za ka sayo, yaushe kuma za ka dawo?"

"Kasuwar ƙofar arewa. Kafin azahar."

Nomau ya miƙa masa kuɗin a gaban maƙwabta, ya raka shi har zaure, ya ɗaga masa tsohon asabarin nan ya fita. A ƙofar gida suka tarar da awakin unguwa sun taru, suna ta lasar ƙasa.