Injin Tagwai Ba Ya Hawa Tsani

A unguwar Romi an yi wani kafinta mai suna Tagwai. Hannunsa na da kyau, wannan ba gardama, amma girman kai ya yi masa katutu. A shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki ya sayi injin zarto mai tebur, irin wanda ake tura masa katako ya tsaga shi sambal. Daga ranar mutumin nan ya daina gaida mutane da kyau.

Yana da tsohon zarton lantarki na hannu, mai faifai, wanda ake ɗauka a bi katako da shi duk inda yake. Sai ya tura wa maƙwabcinsa Zakariyya'u, wanda shi ma kafinta ne, da ƙafa, a gaban jama'a.

"Malam Zakari, ga kyauta. Soja ya tafi, wannan ma ya tafi. Ka riƙa yanka rake da shi."

Zakariyya'u ya kakkaɓe zarton ya ce, "Na gode, Oga Tebur."

Ana nan, zumuntar mata ta cocinsu Tagwai ta ba shi aikin rufin sabon zaurenta. Shugabarsu, Mama Celina, ta ja masa kunne: ranar Lahadi za su yi addu'ar godiya a zauren saboda sabuwar gwamnati, kuma ga damina ta kankama.

Kafinta mai hankali zai je ya auna kowane bango. Tagwai ina! Gefe ɗaya ya auna, ya koma shago ya yanka rafta, wato katakon da kwano ke zama a kai, duka tsawo ɗaya, yana fito. Bai san magini ya karkatar da bangon baya ba. Sai da aka hau da katakon, aka buga ƙusa tsaf, sannan aka ga bakin raftocin ya yi zaƙo-zaƙo, wani ya leƙo, wani ya noƙe. Kwano ba zai zauna a haka ba. A cire kuwa, katako ya tsage. Ga Asabar, ga hadari ya haɗo daga gabas.

Maimakon ya nemi taimako, sai ya sa aka turo injinsa a amalanke tun daga shago, ƙarti suna nishi. Aka sauke shi a gindin bango. Tagwai ya dubi injin, ya dubi sama.

Mama Celina ta riƙe ƙugu. "To, ɗana, goya shi ka hau mana. Ko mu kawo maka zane?"

Matan suka fashe da dariya. Tagwai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya tare ɗan acaɓa, sai shagon Zakariyya'u.

"Malam Zakari, don Allah..."

"A'a, Oga Tebur! Rake kake so?"

"Ka rufa mini asiri, ruwa na zuwa."

Zakariyya'u ya yi dariya har da riƙe ciki, amma tuni ya naɗe wayar zarton. Aka tada janaretan coci. Suka hau tsani, suka ja igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, Tagwai na riƙe da katako, Zakariyya'u na bin igiyar yana datsewa. Mata na miƙo kwano suna waƙa. Ana buga ƙusar ƙarshe ruwa ya ɓarke, kowa ya ruga ciki. Suka ɗaga kai suna jira su ga ko rufin zai yi yoyo. Ko ɗigo! Guɗa ta kaure, Mama Celina ta cika wa Zakariyya'u kofi da kunun zaƙi.

Ran Litinin Zakariyya'u ya zo da katakon taga a kafaɗa. "Zarton nawa ba ya tsaga siriri ya miƙe. A taimaka?"

Tagwai ya share masa teburin da hannun rigarsa. "Bismilla, Oga Tsani."

Darasi: mai karatu, kada sabon abu ya sa ka wulaƙanta tsoho, balle mutumin da ke riƙe da shi. Injin tebur gwani ne, amma sai an kai masa katako. Na hannu shi ke zuwa inda aiki yake. Kowanne da ranarsa, haka ma mutane. Kuma don Allah, kafin ka yanka, je ka auna bangon duka.